Wutar Injin Auta

Shafi na 23

Masu cika min waya da saƙo wai na bar Malama a bakin titi da dogon ƙwai a hannu na tafi sabgar gabana, ku yi haƙuri, jikin ne ya ɗan motsa. Masu zagin Auta kuma ku adana sauran, yau zai yi muku amfani.

* * *

Tun daga bakin layi Malama take jin rurin janareto.

Ta kulle motarta, ta gyara riƙon dogon ƙwan lantarkin da ta naɗe da jarida. Daga ɗakin gwaji na kwalejin da take koyar da fiziks ta ciro shi, ko izinin kowa ba ta nema ba.

Zuciyarta tafasa take yi.

Tun ranar da Tela, matar ƙaninta Auta, ta yi ɓarin cikinta da ya riga ya tsufa, babu wanda ya ƙara amsa gaisuwarta a gidansu. Laifinta guda ne. Lokacin da kamfanin waya zai kafa ƙarfen sabis a filin da ke jikin katangarsu, ita ce ta miƙe a taron unguwa ta ce ba zai cutar da kowa ba. Yanzu Auta ya zagaye gari yana faɗa wa duk mai kunne cewa ƙarfen ne ya kashe masa ɗa, yayarsa kuma ita ta ɗaure wa ƙarfen gindi. Umma, mahaifiyarsu, ko wayarta ta daina ɗauka.

Da ta haƙura ta bar wa Allah. Sai dai a asibiti ta ga hannun Tela. Wasu 'yan ƙananan ƙone-ƙone ne a kan yatsun, farare, masu zurfi, kamar an huda da allura mai zafi. Wannan ba ƙunar tukunya ba ce. Tun daga ranar hankalinta ya ƙi kwanciya.

Ƙofar rumfar aikin Auta a buɗe take rabi. Warin narkakkiyar roba ne ya fara tarar ta. Naɗe-naɗen tamfol, shuɗi da kore, a jingine har kusa da kwanon rufi, ƙasa duk ɓarɓashin yanka. A tsakiya kuma ga injin liƙa tamfol, ƙato, da sandarsa ta tagulla mai sauka a kan teburin ƙarfe ta narka gefe biyu su zama ɗaya.

Malama ta tsaya cak.

Ma'aikaci ta zaci za ta tarar. Tela ta gani.

Tela da ko gama warwarewa ba ta yi ba. Ta rame har ƙashin wuyanta ya fito, ga ta zaune a kujera, cikinta manne da bakin teburin, tana jan tamfol da hannu biyu. Ɗinki take yi kafin aure, sunan ya biyo ta gidan miji, shi ya sa Auta yake bugun ƙirji cewa duk garin babu mai miƙe layi kamar matarsa.

Ba ta ji shigowar kowa ba. Ta daidaita gefen, ta taka feda.

Sandar ta sauko. Injin ya ɗauki wani gunji mai shiga haƙori.

Malama ta zare jaridar, ta matso kusa, ta miƙa ƙwan.

Ƙwan ya kama.

Ba waya, ba soket, ba komai. Fari tas a hannunta, yana rawa.

Tela ta waigo ta ga haske, ta zabura ta ɗage ƙafa. Gunjin ya tsaya, ƙwan ya mutu.

"Innalillahi! Yaya!"

"Tashi daga nan."

"Yaya, yaushe kika..."

"Tashi na ce!"

Tela ta miƙe tana dafa tebur. Idonta ba a kan Malama yake ba, yana kan ƙofar ɗan ofishin da ke kusurwa.

"Yana ciki," ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Don shi na zo. Ina zobenki?"

Tela ta sunkuyar da kai.

"Ina 'yan kunnenki? Ke da ko wanka ba kya cire su?"

Tela ta nuna taga da haɓa. Wani kofin roba ne a ajiye, a ciki ga zobe, ga 'yan kunne, ga awarwaro.

"Zafi suke ɗauka in ina aiki."

"Tun yaushe?"

"Tun da aka cire..."

Ta haɗiye sauran, domin ƙofar ofis ta buɗe.

Auta ya fito yana zura waya a aljihu. Ƙato ne, ya fi ta tsawo nesa ba kusa ba, amma ita har gobe yaron da ta goya take gani. Ya dube ta sama da ƙasa, ya dubi ƙwan, ya saki dariyar rainin hankali.

"A'a! Farfesa ce da kanta. An zo duba ko akwai sauran wanda bai mutu ba ne?"

"Ina garkuwar injin nan, Auta?"

"Ko sallama babu?"

"Na yi ta a gida an ƙi amsawa. Ina garkuwar?"

"Wace garkuwa? Filin yaƙi kika zo?"

Ba ta tsaya jiran sa ba. Ta zagaya bayan naɗe-naɗen tamfol tana leƙawa. Ga ta nan kuwa a jingine da bango, ragar ƙarfen da ya kamata ta kewaye sandar tagullar. Ƙura ta rufe ta, an rataya tsummokara a jikinta, har da wani tsohon silifas a kai.

"Wannan."

"Ke kika saya min injin?"

"Ranar da ka sayo shi ni ka kira in duba maka. Me na ce maka?"

"Kin faɗi abubuwa da yawa. Ke ai bakinki ba ya hutawa."

"Na ce duk abin da za ka taɓa a jikinsa, ban da wannan. Na ce in ka cire ta, wutar da ya kamata ta tsaya a cikin roba za ta fito ta shiga duk wanda ke zaune a gabansa. Ka ce to Yaya. Har da rantsuwa."

"Tamfol ɗin manyan motoci ba ya shiga in tana nan! Kin taɓa liƙa tamfol? Kin san faɗinsa? Kina can ƙarƙashin fanka kina wasa da alli, ke za ki koya min sana'ata?"

"To ka yarda kai ka cire ta."

"Injina ne!"

Malama ta juya masa ƙeya, ta fuskanci Tela.

"Ƙanwata, dube ni. Kin ga ƙwan nan ya kama ba waya. Kin san me ya kunna shi?"

"Za a fara lacca," in ji Auta. "A kawo benci."

Ba ta kula shi ba.

"A cikin kowane ƙarfe akwai wasu 'yan ƙwayoyin lantarki, ido ba ya ganin su. In suna zaune, lafiya lau. Ko tafiya suke yi, in dai a miƙe ne, gudun ba ƙari ba ragi, ba sa jefo komai waje. Amma ki fizge su, ki tsayar da su, ki mayar da su baya, ki sake fizga, sai su fara watso ƙarfi cikin iska. Kin san igiyar shanya. In kika kaɗa baki ɗaya, kaɗawar za ta gudu har ɗaya bakin, alhali igiyar tana inda take. To haka."

Tela ta gyaɗa kai a hankali.

"Injin nan aikinsa ke nan. Fizgar su yake yi gaba da baya, sau miliyoyi kafin ki ƙifta ido. In aka ninka ƙarfin fizgar biyu, abin da suke watsowa huɗu yake ninkuwa. Shi yake narka robar daga ciki. Shi ya kunna ƙwan nan a hannuna. Shi yake gasa miki zobe."

Ta kamo hannun Tela, ta juya yatsun sama.

"Shi ne wannan."

Tela ta fizge hannunta ta cusa a cikin mayafi.

Auta ya tafa hannu.

"Madalla da malamarmu. To ƙarfenki na sabis fa? Shi ƙwayoyinsa barci suke yi?"

"Ba sa barci. Ban taɓa cewa suna barci ba. Shi ma haka yake aiki, haka gidan rediyo, haka wayar da ke aljihunka."

"Kin ji ko?" ya ce da Tela. "Da bakinta ta faɗa."

"Bari in ƙarasa! Yana can sama, ya fi kowane bene a unguwar, fuskarsa tana kallon nesa. Duk nisan da abin ya yi raguwa yake, kamar zafin murhu. Abin da ke isowa tsakar gidanmu ko cokalin ruwa ba zai ɗumama ba. Na auna, Auta. Da na'urar makaranta na auna, a ƙofar ɗakinka, kana tsaye kana cin gyaɗa. Wannan kuwa don narka roba aka ƙera shi, kuma tsakaninsa da cikinta bai kai taƙi ba. Wuni guda. Wata da watanni."



Fuskar Auta ta canza. Dariyar ta ɗauke, jijiyar goshinsa ta miƙe.

"Ke nan ni na kashe ɗana."

"Ban ce ba."

"Kin ce! Fito fili ki faɗa! Ki ce Auta ya gasa ɗansa a cikin uwarsa!"

"Ni ba likita ba ce. Ban san abin da ya ɗauke yaron nan ba, kuma ba zan yi maka abin da ka yi min ba, in ɗora maka rai ban da tabbas. Mata suna ɓari ba inji ba ƙarfe. Amma ya kamata likita ya san inda take wuni. Ya sani?"

Auta ya kau da kai.

"Na ce ya sani?"

"Ina ruwanki da matata? Ke da kika kasa riƙe naki mijin, littafi kika aura, yau ke ce mai ba da shawarar ciki? Kin taɓa ɗaukar cikin ma?"

Maganar ta sauka daidai inda ya auna ta.

Malama ta ji kamar an sheƙa mata tafasasshen ruwa a ƙirji. Shi ne fa ya je ya kwaso mata kaya ranar da aurenta ya mutu. Shi ne ya dinga rarrashin ta a mota yana cewa Yaya kar ki yi kuka a gabansu. Ya san inda ciwon yake sarai, shi ya sa ya taka.

Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido.

"Zage ni ka ƙoshi. In ka gama, zan je in kira mutanen da ka zuga su tumɓuke ƙarfen. Liman, mai unguwa, kowa da kowa. Su zo nan su tsaya, in riƙe ƙwan nan, kai kuma ka taka feda da ƙafarka."

Kafin ta rufe baki ya fizge ƙwan daga hannunta, ya maka shi da bakin tebur.

Tas!

Gilashi ya tarwatse, farin gari ya tashi. Tela ta ƙwalla ƙara ta manne da bango.

"Je ki kira su. Ki nuna musu."

"Akwai irinsa a kowane shago."

"To ki sake tako ƙafarki nan ki gani. Wallahi sai na manta nono ɗaya muka sha."

Ya yo kanta har tana jin hucinsa a goshinta. Ba ta matsa ko nan da can ba.

"Dake ni. Ai shi kaɗai ya rage. Ƙarasa."

"Likitan ya tambaya."

Muryar a hankali ta fito, amma duka biyun suka waiga. Tela ce, har yanzu bayanta a jikin bango, idonta a kan gilashin da ke ƙasa.

"Ke, shiga ofis," in ji Auta.

"Ya ga hannuna. Ya tambaye ni wane aiki nake yi. Na buɗe baki ke nan ka riga ni. Ka ce matar gida ce, girki ne ya ƙona ta."

"Na ce ki shiga ofis!"

"Ba zan shiga ba."

Tun da aka kawo yarinyar nan gidansu, Malama ba ta taɓa jin ta musa masa ba. Ko shi Autan sai da ya saki baki.

"Na faɗa maka cikina yana ɗaukar ɗumi in na daɗe a kujerar nan. Ka ce zafin kwano ne, ka sayo min fanka. Na faɗa maka yaron yana yawan juyi in ina aiki. Ka ce ɗan gado ne, tun a ciki yana son sana'ar ubansa." Muryarta ta fara rawa. "Har dariya muka yi. Ni da kai."

"Ya isa."

"Bai isa ba. Ranar da aka sallamo ni daga asibiti ka biyo da ni ta nan, ka ce za ka ɗauki makulli, ka bar ni a mota. Da ka daɗe sai na lallaɓo na leƙo. Na gan ka a durƙushe. Ka jawo ragar nan kana ƙoƙarin mayar da ita, notunan sun ɓata, kana lalube a ƙasa kana kuka. Kana cewa Allah ka sa ba shi ba ne, Allah ka sa ba shi ba ne."

Auta ya ja da baya har ya bugi injin.

"Washegari ka tashi ka ce ƙarfen sabis ne."

Malama ta dubi ƙaninta. Ta zo ne da zargin sakaci, da zargin taurin kai. Ba ta zo da shirin jin cewa ya sani ba. Ashe duk ranakun da yake tsayawa a bakin masallaci yana ambaton ta, ya sani.

Sai kuma wani abu ya faɗo mata, ta juya kan Tela a fusace.

"Ke kuma kin san duk wannan kika dawo kika zauna a gabansa? Kanki ɗaya kuwa?"

"Wanda ya ɗauka aiki gudu ya yi, ya ce yatsunsa suna mutuwa. Masu motoci sun matsa, damina ta kawo jiki. Bai ce in zo ba, Yaya. Tsayawa kawai ya yi a ƙofar ɗaki yana kallona. Da na ƙi zuwa, Umma za ta tambayi dalili. Me zan ce mata?"

"Gaskiya!"

"Gaskiyar za ta kashe shi." Hawaye suka zubo mata. "Ke an riga an ɗora miki, Yaya. Na ga ke kin iya ɗauka. Shi ba zai iya ba."

Malama ta yi wata gajerar dariya mai ɗaci.

"Na iya ɗauka. Sannunki, ƙanwata. An fasa min gilashin mota. Ɗalibaina suna nuna ni da baki in na juya allo. Matan unguwa suna janye 'ya'yansu in na wuce, kamar mayya. Uwata ta rufe min ƙofa ina tsaye da ledar magungunanta. Duk kina kallo. Don na iya ɗauka."

"Ki yafe min..."

"Riƙe kayanki. Ban zo karɓar haƙuri ba."

Daga waje aka ɗaga murya, muryar da duk su ukun suka sani.

"Ina take? Ina marar kunyar take?"

Malama ta waiga ƙofa a razane. Sai yanzu ta gane wayar da Auta yake mayarwa aljihu lokacin da ya fito. Tun da ya ji muryarta ya kira Umma.

Ga ta nan a bakin ƙofa tana haki, mayafi a karkace, takalmi wari da wari. Da ƙafa ta taho daga gida.

Bara aka yi wa Umma aiki, aka dasa mata wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata, ƙasan ƙashin wuya, mai riƙe mata bugun zuciya. Jikoki suna ce mata batirin Umma. Malama ce ta yi jinyar, ita likita ya zaunar ya ja wa kunne: kar tsohuwar nan ta kusanci masu walda, kar ta kusanci duk wani inji mai watso irin wannan wutar, yana iya rikita na'urar.

Malama ta ruga ta tare ƙofar da hannu biyu.

"Umma kar ki shigo. Don girman Allah ki tsaya nan."

"Matsa min."

"Duk abin da za ki yi min ki yi min a waje. Ki mare ni a waje, na yarda. Batirinki, Umma. Likita ya ce..."

"Likita ya ce, littafi ya ce, kamfani ya ce! Ke dai bakinki ba ya rabo da wani ya ce. Da bakin nan kika ce ƙarfe ba ya komai, aka fita da jikana a naɗe ko kukansa ban ji ba. Bai ishe ki ba? Yau kuma wurin neman abincin ɗan'uwanki kika biyo? Sai kin ga bayansa za ki huta?"

"Umma, saurare ni..."

"Na saurare ki sau ɗaya, na ga abin da ya haifa. Ki matsa, ko in ɗaga miki nono."

Hannun Malama ya saki da kansa. Umma ta ture ta da kafaɗa ta wuce, gilashi yana ƙara a ƙarƙashin takalminta. Ta dubi Tela da ke kuka, ta dubi Auta da ya jingina da injin kamar wanda aka zare wa laka.

"Me ta yi muku?"

"Umma," Tela ta fara, "injin nan ne..."

"Ke rufe min baki. Jiya-jiya kika tashi daga gadon asibiti, har ta hure miki kunne? Auta, da kai nake."

Auta ya ɗago. Idanunsa sun kaɗa sun yi jawur. Malama ta ga leɓensa yana motsi, har ta sa rai zai faɗa. Amma Umma tana tsaye tana kallonsa irin kallon da take masa tun yana rarrafe, kallon wanda bai taɓa laifi ba.

"Cewa ta yi ni na kashe shi, Umma. Wai injin nan ne."

"Wannan? Da yake rufa mana asiri duka?" Umma ta dafe ƙirji ta juyo. "Allah ya isa tsakanina da bokon da ya mayar min da ke haka."

Malama ba ta ma ji zafin maganar ba. Idonta yana kan tazarar da ke tsakanin Umma da sandar tagulla, da jar fitilar da ke ci a goshin injin, alamar a kunne yake.

"Auta, kashe janareton."

Bai motsa ba.

"Na yarda. Ni ce. Ƙarfen ne. Ku je ku tumɓuke shi, zan riƙe muku igiya. Kashe janareton kawai, ko ka fitar da ita daga nan."

"Ka ji ko?" in ji Umma. "Ta amsa da bakinta."

Amma Auta ba ya jin kowa. Ya jawo kujerar da matarsa ta tashi a kai, ya zauna, ya manna cikinsa da bakin tebur. Ya jawo tamfol ya shimfiɗa a ƙarƙashin sandar.

"Zan nuna miki, Umma. Zan nuna wa kowa. Ga ni, ga cikina. In kisa yake yi ya fara da ni."

"Auta, ba kai nake ji wa ba!" in ji Malama. "Umma!"

Umma ta tako ta tsaya a gefensa, ta ɗora hannu a kafaɗarsa, ta sunkuyo don ta gani da kyau.

"Taka, ɗana. Ina nan tare da kai. Ta gani da idonta, ta ji kunya."

"Kar ka taka!" Tela ta ƙwalla. "Ka san gaskiya! Wallahi ka sani! Kar ka taka!"

Babban makunnin wutar yana can ƙarshen rumfar. Malama ta dube shi, ta dubi uwarta, ta zaɓi uwarta. Ta kwasa da gudu, amma faffaɗan tamfol ɗin yana shimfiɗe tsakaninsu, ƙafarta ta harɗe a ciki.

Auta ya dubi matarsa. Ya dubi yayarsa. Ya runtse ido.

Ya taka.

Sandar ta sauko, gunjin ya cika rumfar.

"To kin gani?" in ji Umma. "Ina abin da ya..."

Maganar ta tsinke.

Hannun da ke kafaɗar Auta ya saki, ya zame ta bayansa. Bakinta yana buɗe, idonta a kan Malama, kamar tana so ta tambaye ta wani abu.

"Kin gani, Yaya?" Auta yana ihu, hawaye yana bin kumatunsa. "Kin gani? Ga ni nan lafiya lau! Ba shi ba ne! Na ce miki ba shi ba ne!"

Idonsa a rufe, ƙafarsa a kan feda, bai ji lokacin da Umma ta sulale ta zube ƙasa ba.